Ƙanena da Ya Ƙi Tafiya

Shekaranjiya na ji ƙiiƙiin keken katako a gidan maƙwabta, irin mai ƙafa uku da ake koya wa yara tafiya. Sai na tuna gidanmu na Bungudu, da ƙanena da ya kusa sa Inna ta ƙare.

Ka san yaro yakan fara da miƙa hannu, ya zauna, ya yi rarrafe, ya dafa bango, sannan ya yi tata. Ƙanena ya yi na farkon duka da wuri. Wajen miƙa hannu kuwa ba shi da na biyu, ko cokali ka ɗaga sai ka ga yatsunsa a kai. Amma da ya kai rarrafe sai ya tsaya nan. Sa'o'insa suna bin kaji a tsakar gida, shi yana zaune kamar tulu, ya miƙa hannuwa a ɗauke shi. Kuma a kan ɗauke shi ɗin, galibi ni, don ni ce babbar ɗiya.

Damina ta wuce, aka cire gyaɗa, shiru. Baba ya sayo keken katako wurin wani kafinta a Sabon Garin Gusau, yaron ya kwantar da shi yana gwaguyar ƙafar. Goggo ta zo daga Tsafe da wani mai da ake murza masa a gwiwa, sai ƙara sheƙi yake yi. Mata suka fara zuwa suna kallon ƙafafunsa suna cewa Allah ya sawwaƙe. Na sha ganin Inna tana share hawaye a bakin murhu, ta ce hayaƙi ne. Baba ya yanke cewa ranar kasuwa mai zuwa za a kai shi asibiti Gusau.

A kwanakin nan ne ƙuli-ƙulin Inna ya fara ɓata. Takan soya shi ta shanya a faifai bisa kifaffen turmi, nesa da awaki. Kullum da azahar sai ya ragu. An zargi kyanwa, aka tuna kyanwa ba ta cin ƙuli. Sai aka dawo kaina. Na rantse, na yi kuka, duk da haka kunnena ya sha murɗa.

Kaka ce ba ta yarda ba. Wata rana da rana tsaka, kowa ya shige ɗaki, ta kwanta a inuwar rumbu ta rufe fuska da zane, ta bar 'yar kafa. Ni ma ta sa na laɓe a bayanta. Ƙanena da aka bari zaune a tsakar gida ya duba dama, ya duba hagu. Sai ya dafa ƙasa, ya ɗaga gindi sama, ya miƙe. Ya taka har turmi, ba tangaɗi, ya yi ɗage ya cika baki da hannu biyu, ya juyo.

Kaka ta yaye zanen ta ce, "Wagga tahiya ba ta yau ba ce, mai gida."

Yana jin muryarta ya zube, ya kama rarrafe, ƙuli na zuba daga bakinsa. Inna ta fito, aka ba ta labari, ta rasa dariya za ta yi ko duka. Kaka ta kafa doka: daga ranar duk wanda ya ɗauke shi, da ita zai yi. Ya yi kukan duniya, kafin sati yana bin awaki. Ni dai ba wanda ya ba ni haƙurin kunnena.

Yanzu iyaye suna riƙe da waya, suna jiran takun farko su ɗauka. Ina ganinsu ina cewa a raina, wa ya sani ko na farkon ne. Shi kuwa ƙanen nawa ya yi furfura da tumbi, ko masallacin ƙofar gida da mashin yake zuwa. Likita ya ce lallai ya riƙa tafiya da ƙafa, matarsa ta zo tana yi mini ƙorafin ya ƙi. Na ce ta daina kallonsa tukuna.