Kuregen da Aka Sa wa Zobe a Wuya

Sana'ata riɗi da zoɓo. Ina saye a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, in kai Maigatari. Saboda na san hanyoyi aka haɗa ni da wani likitan dabbobi daga jami'a, ya sauka a gidana a Gumel. Kuregen bisa yake bincike, wanda ke kwana a kogon tsamiya, ba na ƙasa mai tonon gyaɗa ba. Yakan kama shi da tarkon waya, ya auna nauyinsa, ya ɗebi jini don a ga ko yana ɗauke da cutar da ke kama mutum, sannan ya sa masa ɗan zobe a wuya ya sake shi. Yana da na'ura mai eriya da ke ƙara idan zoben na kusa. Akwai wata macen kurege mai zobe da yake bi tun damina, ya ce shayarwa take.

Wata safiya da rani muna kurmin tsamiya bayan Gagarawa Tasha sai muka ji kalangu da haushin karnuka. 'Yan farauta ne, garuruwa da yawa a haɗe, da gora da barandami. Na ce masa mu koma mota. Ya ce sai ya ga ta shiga kogo.

Ba ta shiga ba. Suka cinna wa gindin tsamiyar wuta, hayaƙi ya zubo da kuregu kamar 'ya'yan itace. Karnuka suka yi ta yaga. Wani ƙato da na sani, ɗan tauri ne, mahaifinsa na sayar mini da riɗi, ya doki macen da gora ta faɗo, ya ɗaga ta da wutsiya tana shure-shure.

Kafin in riƙe shi likita ya ruga, ya fizge ta daga hannun ƙaton.

A dajin farauta akwai ƙa'ida. Nama na wanda ya kama ne, amma mai jin ƙarfi yana iya ƙwacewa, kuma wanda ya ƙwace ya yarda ke nan a dake shi har sai ya saki. Ba a kai ƙara wurin mai gari. Likita bai san wannan ba. Su kuma ba su ga likita ba, sun ga mai ƙwace.

Gorar farko a kafaɗa ta same shi. Ta biyu ta fasa masa goshi, tabaraunsa ya tashi. Ya durƙusa, ya cusa kuregen cikin rigarsa ya rungume. Na yi ta ce masa ya saki, yana ce musu ta gwamnati ce, akwai 'ya'ya a kogo. Ba mai jinsa. Wani kare ya kama masa ƙwauri. Na ga ƙaton ya ajiye gora ya karɓi barandami, sai na san idan aka ƙara minti guda gawa zan mayar wa mutanensa.

Roƙo ba ya aiki a wurin. Na kutsa, na taka hannun baƙona da takalmi, na yaga rigarsa, na ciro kuregen na ɗaga sama.

Ƙaton ya yi dariya. "Alhajin riɗi, kai ma ka shigo ƙwace? Da wannan tumbin?"

"Na shigo. Ku bar yaron, naman yana hannuna."

Suka bar shi kuwa, suka juyo kaina. Ƙa'ida ce. Na tsaya har gora ta sauka a tsintsiyar hannuna, na ji ƙashin ya ce ƙas, domin in na saki ba a taɓa ni ba za su ce wasa muka haɗa. Sannan na jefa wa ƙaton ita. Ya cafe, ya murɗe mata wuya, suka wuce da kiɗansu.

Da hannu ɗaya na tuƙa mu zuwa asibitin Gumel. Aka ɗinke wa likita goshi, aka yi masa allurar cizon kare, ni kuma na tafi wurin mai ɗori. Likita ya yi fushi da ni. Ya ce na ba da kuregen da hannuna. Na ce haka ne, kuma gobe ma zan bayar. Da ya iya takawa ya koma kogon, ya tarar 'ya'yan sun ƙone.

Kafin ya bar garin na kai shi kasuwar Maigatari. Na'urar tana bayan mota, ya manta bai kashe ta ba, sai ta fara ƙara. Muka ɗauko ta muka bi ƙarar har layin masu fatu. Karen ƙaton ne a kwance a inuwa, an ɗinke zoben cikin layun wuyansa. Likita ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kashe na'urar ya ce mu tafi.