Jirgin Da Baba Ya Saya Da Kuɗin Idonsa

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu na Azare waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma zancen ɗan jirgin ƙasan nan ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Allah. Ko yanzu da nake rubutun nan ji nake kamar yau aka gaya mini.

Mahaifinmu mutumin Nguru ne. Tun kafin a haife mu ya bar aikin reluwe ya dawo Azare ya kama sana'ar hatsi, don haka mu dai mai gero da dawa muka tashi muka san shi. Mun ji cewa ya taɓa aiki a jirgin ƙasa irin na da, mai cin kwal, amma saninmu bai wuce nan ba. Shi ba mai yawan magana ba ne, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Abin da duk kasuwa ta san shi da shi kuwa shi ne riƙon kuɗi. Baba ba ya sayen buhu sai ya zura hannu can ciki ya ɗebo na ƙasa ya duba. Ko ashana zai saya sai ya taya. Inna takan tsokane shi ta ce duk nairar da ta shiga aljihunsa ta yi ban kwana da hasken rana.

A shekarar da abin ya faru ciwon ido ya matsa masa. Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma in ba a yi masa aiki da wuri ba zai bi bayan ɗan'uwansa, domin ciwon ba irin wanda ake jinkiri da shi ba ne. Ni malamin firamare ne, Yayata kuma atamfa take sayarwa a gidan mijinta. Da ƙyar da jiɓin goshi muka haɗa kuɗin aikin. Da suka cika sai muka yi abin da kowa a gidanmu zai yi, muka je muka durƙusa muka ajiye su a gabansa. A wurinmu ɗa ba ya riƙe wa ubansa kuɗi kamar wanda ba a yarda da hankalinsa ba. Kuma wa zai yi fargabar ajiya a hannun mutum irin Baba?

Muna cikin jiran ranar da asibiti suka ba mu, wata rana bayan la'asar ina zaune da shi a zaure ina latse-latsen waya, sai na ci karo da wani bidiyo. Wani kamfani ne a ƙasar waje yake tallar sabon kan jirgi ɗan ƙarami da zai fitar, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, amma an ƙera shi sak na gaske. Yana gudu a kan ɗan layin dogo, yana fitar da hayaƙi, har da kuka. Don nishaɗi kawai na miƙa masa na ce ga irin motarsu ta da.

Ya kai wayar har kusa da hancinsa, ya karkata kai yana kallo da idon dama. Da bidiyon ya ƙare ya ce in maido masa, ya sake ƙarewa ya ce in sake. Can sai ya tambaye ni nawa suke sayarwa. Na duba na juya kuɗin zuwa namu, sai dariya ta ƙwace mini. Na ce masa kuɗin sabon babur ne fil, kuma kan jirgin kaɗai, layin dogon da na'urar ba shi wuta dabam ake saye. Abin dariyar ma, ba a ƙera shi ba tukuna. 'Yan kaɗan za a yi, mai so ya biya yanzu ya zauna jira wata da watanni.

"Taya musu," in ji shi.

Na ce su ba a taya musu, abin da suka rubuta shi ke nan. Ya girgiza kai ya ce wannan wace irin kasuwa ce, ba ciniki ba albarka, ga kaya ba a ƙasa ba. Ya miƙo mini wayata. Ni a wurina zance ya mutu ke nan.

Da ranar asibiti ta matso na je na gaishe shi, na ce ya kawo kuɗin in je in biya. Yana jan carbinsa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Babu su. Na sayi jirgi."

Wallahi na ɗauka wasa yake, har na fara murmushi. Da na ga fuskarsa sai na zame na zauna a ƙasa. Ashe washegarin ranar da na nuna masa bidiyon ya tafi wurin wani Alhaji mai shigo da kayan gyaran babur daga waje, ya sa shi ya nemo kamfanin, ya zube masa kuɗin idon, ya cika da nasa na hatsi, aka yi odar kan jirgin da layinsa da na'urarsa. Mutumin da ba ya yarda da buhun da ke gabansa ya biya kuɗin abin da ba a ma ƙera ba.

Yayata da ta ji labari ta zo gida ko mayafinta ba ta gyara ba, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Inna ta shige ɗaki ta ƙi magana da kowa. Ni kuwa na nufi shagon Alhajin nan raina a ɓace, na yi niyyar gaya masa baƙar magana. Sai na tarar shi ma a ruɗe. Ya rantse bai san kuɗin magani ba ne, ya ce har sau biyu yana ba Baba shawarar ya haƙura, Baba ya ce masa kuɗinsa ne. Ya nemi kamfanin a gabana, suka ce an rufe karɓar oda, ba a mayar da kuɗi. Kafin mako ya zagayo zance ya cika layin 'yan hatsi, ana cewa tsufa ya taɓa Baba. Ban ɓoye muku ba, ni ma haka na yarda.

Muka koma neman kuɗi daga farko. Na sayar da babur ɗina na koma hawa acaɓa, Yaya ta karyar da kayanta, amma ba su haɗu ba sai bayan kaka. Da muka koma asibiti likita ya duba idon. Sun yi iya ƙoƙarinsu, sai dai abin da ya rage wa Baba bai wuce ya bambance haske da duhu ba. Na yi fushi da shi irin fushin da ban taɓa zaton zan yi da mahaifina ba. Ina gaishe shi, ina kai shi masallaci, amma hira ta ƙare a tsakaninmu. Shi kuwa duk ranar kasuwa sai ya aika a tambayo masa Alhaji ko jirgi ya iso.

Sai da damina ta sake faɗuwa sannan kwalin ya zo a keke napep. Ranar babu wuta, dole muka aro janareto wurin telan da ke maƙwabtaka da mu. Na share zaure na harhaɗa layin dogon a ƙasa ina yi ina tsaki, na ɗiga wa jirgin ɗan man da ke sa shi hayaƙi, na murɗa na'urar. Ɗan abin nan baƙi ya motsa a hankali, ƙafafunsa suka fara juyawa, hayaƙi ya tashi, sannan ya saki kuka. Baba ya zabura ya miƙe zaune sosai kamar wanda aka kira sunansa.

Ya tambaye ni ko akwai wani ɗan fili a bayan tukunyar jirgin, kusa da inda ake tara kwal. Na leƙa na ce akwai. Ya ce to nan yake tsayawa, daga Kano har Nguru, da shebur a hannu yana ciyar da wuta. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba mu labarin zafin da ke sa fatar fuska ta saɓule, da nauyin taragun gyaɗa, da yadda mutanen ƙauye ke fitowa su yi layi suna ɗaga musu hannu. Tabon da ke damtsensa, wanda muka tashi muna gani ba mu san dalilinsa ba, ashe ƙofar wutar ce ta lashe shi. Inna da ke bakin ƙofa ta ce ita ma wasu labaran ranar ta fara jin su.

Duk da haka zuciyata ba ta sauka ba. Na ce, "Baba, amma ga shi ya zo, kai kuma ba ka ganinsa."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Ni ai na ga na gaske. Ku ne ba ku gani ba. Na yi ta jira wani cikinku ya tambaye ni, har na tsufa. Na ji tsoron in mutu ku ce wa 'ya'yanku kakansu mai awon gero ne kawai." Jirgin ya zagayo ya wuce ta gabansa, sannan ya ce, "Yanzu kun gani?"

Yaya ce ta iya amsa masa. Ni fita na yi na tsaya a bayan janareto inda ba mai jin kukana.

Har gobe ban ce Baba ya yi daidai ba. Da za a maido ni wancan lokacin, da na riƙe kuɗin nan ko da zai yi fushi da ni. Amma abin da ya nema a wurinmu bai kai tsadar da ya biya ba, tabarma ce kawai da wanda zai zauna ya ce Baba ba ni labari. Shi ya sa duk wanda na gani da tsoho a gida nake ce masa ya zauna ya tambaye shi tun yana iya amsawa. Mu namu sai da ya ba da idonsa kafin muka saurare shi.