"Da Sauƙi" Ta Kusa Raba Ni da 'Yata

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji, da ku jikoki masu leƙo shafin nan.

Na daɗe ban ce komai a nan ba, maganar yau kuwa ta tsufa a cikina. Ku yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin manya.

Kafin Turawa su tafi, muna haya a Sabon Gari. Maigidana Yohanna tela ne a Fagge. Ina goyon Ladi, 'yarmu ta fari, ko zama ba ta fara ba.

Da tari ciwon ya fara. Na ce sanyi ne, na sha citta da zuma. Sai zazzaɓin yamma, sai rama, har zani ya daina zama a ƙuguna. Wata safiya ina wanki na yi kaki, na ga jini.

Yohanna ya goya ni a keke zuwa asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kaki a ɗan gwangwani. Likitan Bature ne, wata nas 'yar Kudu ke yi masa tafinta da Hausar kasuwa. Ta ce, "Tarin fuka ne. Za ki kwanta. Yarinya ba nono, a ɗauke ta yau."

Yaya Habi ce ta karɓi Ladi, matar maƙwabcin rumfar Yohanna, Musulma, ita ma tana goyo. Ta ce, "Kawo ta, Malam. Nono biyu Allah ya ba ni."

Nawa nonon kuwa yana zuba a riga, ba mai sha.

Kullum da safe allura, sai ƙwayoyi cike da tafin hannu, sai hawa sikeli. Yohanna ya sayar da kekensa, ya koma zuwa a ƙafa.

In likita ya zagayo, nas ta ce, "Yaya jiki?" Na ce, "Da sauƙi." Ta juya masa da Turanci, ya gyaɗa kai, su wuce gado na gaba.

Alhali ƙwayoyin nan ba sa zama, ina haɗiya nake amayar da su. Allurar kuma ta sa kunnena ƙara, in na miƙe ɗaki ya juya. Ba ɓoyewa nake ba. Haka muka tashi: marar lafiya ba ya cewa babu sauƙi, butulci ne ga Allah.

Kusa da ni akwai Naomi, mutuniyar Zariya. Ta fi ni addu'a nesa, ko muryarta ta dushe sai ta yi waƙar sujada. Ƙananan 'ya'ya gare ta. Ranar da ta rasu, da safe an tambaye ta, ta ce da sauƙi.

Daga ranar tsoro ya zauna mini a ƙirji. Ladi za ta girma ba ta san fuskata ba ke nan? An koya mana Allah Uba ne mai ƙauna. Ni da nake mai zunubi, ba na iya jin kukan Ladi ban ɗauke ta ba. To shi yaya ya ji kukan 'ya'yan Naomi? In na rufe ido zan yi addu'a, "na gode" kawai nake cewa, don ina tsoron sauran.

Wata Lahadi bayan sujada Iya Rahila ta zo, tsohuwa daga zumuntar matan cocinmu.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Iya."

"Wannan ta gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu ba ni ta gaskiya."

Sai kuka. Na gaya mata amai, da kunne, da jiri, har maganar Naomi.

"Likita ya sani?"

"Bai taɓa tambayata sau biyu ba."

"Ja'ira! Bature ya san sau biyu? Shi abin da kika faɗa yake ɗauka. Allah fa, kin gaya masa?"

"Iya, ai saɓo ne."

"Ɗansa da yana kan gicciye, kin taɓa ji ya ce da sauƙi? Ƙishirwa ya ce yana ji. Har Uban ya tambaya dalilin barinsa. Ke kin fi shi ladabi ne?"

Ta je ta jawo nas da hannu, ta ce, "'Yata, in Bahaushiya ta ce da sauƙi, sake tambaya." Nas ta riƙe baki. Washegari aka rage allura, aka ce in riƙa shan ƙwaya da kunu. Kunnen hagu dai ya tafi, har yau ba na ji da shi.

Ranar na yi addu'ar da ban taɓa yi ba. Na ce, "Uba, babu sauƙi. Ina jin tsoro. Kuma ban gane abin da ka yi wa Naomi ba."

Bai ba ni dalili ba, har yau ban samu ba, kuma ba zan ƙirƙiro muku ba. Abin da na sani, wanda nake kai wa ƙara shi ma ya ɗanɗani azaba, bai kuma kore ni don na faɗa ba.

A hankali sikeli ya fara hawa. Da aka sallame ni Ladi tana tafiya. Ta gan ni ta ɓuya a zanin Yaya Habi tana cewa, "Inna." Sai da muka yi ta zuwa Fagge kullum kafin ta yarda in goya ta.

Na gode wa Allah. Na gode wa Yohanna, da Iya Rahila, da nas ɗin nan, da Yaya Habi da zuriyarta. Ban da zuriyar, duk sun riga ni gidan gaskiya.

Ku masu tari ya ƙi tafiya, ku je a duba. Ku sha magani har ƙarshe, in bai zauna ba ku faɗa. Ku masu dubiya, ku tambaya sau biyu.

Ladi, ke nake nufi. Tun Kirsimeti nake jin tarin nan naki a waya, da kunne ɗaya ma. Kin yi furfura, amma ni na haife ki. Gobe ki je asibiti, in kin fito ki kira ni.