Labbo Barume da Wuyan Sahabi

A Bungudu in ka ce kana neman Labbo wanzami, sai a tsaya ana tambayarka wane Labbo. Amma ka ce Labbo Barume, ko akuyar da ke ɗaure sai ta nuna maka rumfarsa da haɓa. Tana can bayan layin masu hatsi, ta karkace kamar mai ciwon ƙugu, shi kuma yana ciki yana wasa askar da ba mai kawo mata kai. Ya wasa askar nan har ta kusa komawa allura.

Kada ku ɗauka a Rum aka haife shi. Iyakar tafiyarsa a duniya Tsafe, can ma kaciyar 'ya'yan ƙanwarsa ta kai shi, ya dawo yana ba da labari kamar wanda ya ƙetare teku. Aska gado ya yi wurin ubansa, da ƙaho, da cire hakin wuya. Hannunsa kuwa sanyi gare shi, in ya dafa kanka sai ka yi gyangyaɗi har da miyau.

Yana da aboki guda, Sahabi, dillalin hatsi. Tun suna yawo ba wando suke tare. Saude matar Labbo takan ce in Sahabi ya sha ruwan sanyi, Labbo ne ke kwana da mura. Kowace Juma'a da hantsi Labbo zai rataya zabirarsa ya tafi zauren Sahabi, ya aske masa kai tas, ya gyara gemu, suna cin naman mutanen gari har a kira salla.

Masifar ta shigo ne da tabarau. Wani malamin makaranta, Malam Tajuddeen, aka turo daga Gusau, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, ya ce bana da Sallah za a yi wasan Rumawa. Wai a zamanin da akwai wani shugabansu da ya ci yaƙi ya ci yaƙi har kansa ya fi hularsa girma, ya nemi ya dawwama a kan mulki. Sai manyan majalisa suka haɗa baki suka rufe shi da wuƙaƙe a ɗakin taro, cikinsu har da amininsa na ƙut da ƙut.

Sahabi aka ba shugaba, don yana da tumbi da murya. Da aka zo kan aminin, Malam Tajuddeen ya ce, "Wannan wuri ba ya yin daɗi sai da aminin gaske. Labbo, taso."

Labbo ya ce, "Malam, ni ko kaza Saude ka kai wa maƙwabta su yanka."

Sahabi ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai wawa, in za a soke ni ai gara kai. Wanga hannu naka ko zafi ba zan ji ba."

Ranar wasa filin makaranta ya cika har kan katanga. Rumawan Bungudu suka fito naɗe da fararen zannuwan gado, kafaɗa guda a waje. Tsofaffin mata suka fara guɗa, wai ga alhazai sun ɗaura harami. Wuƙaƙen na katako ne, jinin kuwa zoɓo aka ɗura a leda. Kowa ya soki Sahabi ana ta shewa. Da aka zo kan Labbo sai ya tsaya, hawaye na gaske suna zuba, ya rungume abokinsa da hannu guda ya soke shi da ɗayan, daidai maƙogwaro, wurin da wanzami ya fi kowa sani. Fili ya yi tsit. Sai ga takalmi ya keto iska ya sauka a ƙeyar Labbo. Inna Uwani ce, uwar Sahabi.

"Ɗan banza! Tuwona da ka ci ya fito maka ta hanci! Da kuka ma za ka kashe mini ɗa?"

Sahabi ya tashi daga mutuwa yana ba ta haƙuri, mutane suka yi dariya har wasu suka faɗo daga katanga. Daga ranar Labbo ya zama Barume. Malam Tajuddeen ya koma Gusau abinsa, ya bar sunan manne da mutum kamar kaska.

Da fari wasa ne. Mai aski zai zauna ya ce, "Barume, a hankali da wuyan ga, ni ba shugaba ba ne." Labbo ya murmusa. Shekaru suka shige, yaran da suka kalli wasan suka yi gemu, 'ya'yansu suka taso sun ji ana cewa Labbo ya taɓa soke amininsa a gaban jama'a, ba wanda ya damu ya ƙara musu da cewa wuƙar ta katako ce.

Ana nan Sahabi ya zama shugaban ƙungiyar dillalan hatsi. Tumbin ya ƙaru, hular ta ƙara tsawo, ya sayi kujera mai juyawa ya kafa a tsakiyar buhuna. Gaskiya ya yi aiki. Lokacin da hanyar ƙauyuka ta lalace, manoman Wonaka da Ruwan Bore suka rage shigowa, shi ya hana a ɓoye gero. Amma da wa'adinsa ya cika sai ya ce zaɓe ɓata lokaci ne, ana cikin wannan hali wa ke canja direba. Mataimakinsa Lukuman, wani siririn mutum mai gaisuwa har ƙasa, ya ce wallahi haka ne, ranka ya daɗe. Daga nan ya zarce rumfar Labbo.

Ya zauna kamar mai son gyaran fuska, ya yi ƙasa da murya. "Barume, Juma'ar ga za mu zauna mu tsige mutuminka. Ba wuƙa, ba zoɓo. Abin da muke so wurinka kaɗan ne. In ka je aski, ka aske rabin kai ka bar rabi, ka ce aska ta dakushe, ka yi ta wasawa. Babban mutum ba ya fita da rabin kai. Kafin ka gama, mun gama."

Labbo ya ajiye askar. "Lukuman, tashi ka fita."

"Haba, kai da ka saba?"

"Fita, ko in yi maka tsagar da ba ta gidanku ba."

Labbo ya tsaya sallamar wani tsoho da ya ɗora wa ƙaho, shi kuwa Lukuman ƙafarsa ba ta tsaya ko'ina ba sai zauren Sahabi. Ya durƙusa, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin ana shirya wa shugaba sharri, kuma a rumfar wanzami ake taron. "Ranka ya daɗe, ban ce komi ba. Amma wanda ya gwada a gaban jama'a, kowace Juma'a kuma kana miƙa masa wuya..."

Da Labbo ya iso yana haki, Sahabi bai nuna masa tabarma ba.

"Sahabi, Juma'a kada ka bar kasuwa. Lukuman zai tsige ka. Ni ma sun nemi in riƙe ka da aski."

"Ashe dai sun neme ka."

"Na kore shi!"

"Mi ya sa kai suka nema, ba wani ba?"

Labbo ya dubi abokinsa, ya ga hannun Sahabi ya tafi wuya yana shafawa, bai ma san yana yi ba. Abin da ya fi cin ran Labbo har yau ke nan.

Sahabi ya ce, "Juma'ar ga ka huta. Gusau za ni, a yi mini da inji."

"Sahabi, Gusau? Ranar taro? Ka zauna da gashinka mana, ko ya kai gwiwa!"

"Barume, sai an jima."

Tunda aka laƙa sunan, bai taɓa fita daga bakin Sahabi ba sai ranar.

Juma'a ta zo. Sahabi ya hau mota ya tafi Gusau, ya zauna gaban madubi wani saurayi yana zuga masa inji a ka, wuta ta ɗauke aka tsaya neman mai na janareta. Kafin ya dawo an tsige shi, an yi fatiha, Lukuman yana juyawa a kujera. Ko mutum guda bai tashi ya gaida Sahabi ba.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Wa ya kori Sahabi zuwa Gusau? Tsoron Barume. Ke nan da shi aka ƙulla. Wasu suka rantse sun ga an kai buhun gero gidan Labbo, wasu suka ce buhu biyar, kafin mako ya zagayo ya zama mota guda. Saude kuwa tana sayen gero tiya-tiya a kasuwa kamar kowa. Masu aski suka janye ɗaya bayan ɗaya. Masu suna suka koma kiran wanzami daga wata unguwa, wai kada a ɗora wa jariri hannun cin amana.

Labbo ya je ƙofar Sahabi ya fi a ƙirga. Kullum Zuwaira ɗiyar gidan ke leƙowa ta ce, "Baba Labbo, ya ce barci yake." Tana faɗa tana kallon ƙasa. Hawan jini ya kwantar da Sahabi, masu gaisuwa har ƙasa suka ɓace, Labbo kaɗai ke zuwa ya zauna a dakalin waje, ya gaji ya tafi.

Bara da damina Sahabi ya rasu. Aka sallace shi, aka ɗauki makara, mutane suna karɓa-karɓa kamar yadda aka saba. Lukuman ya sa kafaɗa, har yana share ido da bakin riga. Labbo ya matsa ta dama, aka rufe. Ya zagaya ta hagu, aka rufe. Da ya kutsa ya kai hannu kan itacen, ƙanen mamacin ya riƙe masa wuyan hannu, ya ce a hankali, "Bari, Labbo. Kai ka riga ka yi naka."

Labbo ya saki. Ya bi su daga baya-baya har maƙabarta, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Sai da kowa ya watse ya ƙarasa, ya durƙusa, ya gyara ƙayar da aka ɗora a kan kabarin don ta karkace ta gefen kai.