Goggo Ikilima da Zanen Kuncin Malam Hammadu

A kauce, a ba da hanya. Masu benskin, 'yan acaɓa, ku rage wuta, masu tsire ku ajiye wuƙa, ga Ikilima 'yar Zakariya'u Mai Hoto, sarauniyar gyaran fuska ta New Bell da kewaye, likitar hotunan da ruwa ya ci, mai cire wa ango ƙuraje ba tare da ta taɓa shi ba, mai miƙe wa amarya ɗankwali shekara goma bayan biki. Fadarta ɗaki ɗaya ne a lungun bayan masallaci, tsakanin tela da mai gyaran fanka, kuma in mutum uku suka shiga, na huɗu sai ya tsaya a bakin kwata. Ni Bilya ɗan wanta ne, kuma sanƙiranta, ko da yake ba ta san ta naɗa ni ba.

A nan Duwala aka haife ta. Kakanta ya sauko daga Kano da goro, babanta ya bar goro ya kama kyamara. Tun tana 'yar shekara sha biyu take zaune a gefensa tana sa wa hotuna marasa kala kala, da wani buroshi da bai kai gashin ido kauri ba. Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa maza suka watse, wani ofis, wani kasuwa, ita ta riƙe makulli. Kwamfuta ta same ta tana da shekara arba'in. Wata uku ta yi tana zama bayan wani ɗalibi a shagon intanet, ba ta tambaya, kallo kawai. A wata na huɗu ta fara gyara masa kuskure, ya daina gaishe ta.

Doka ɗaya gare ta: ba ta ƙara wa kowa fari. Mace ta zo ta ce a ɗan haska ta, sai Goggo ta nuna mata hanyar shagunan Bonapriso, unguwar masu kuɗi, da haɓa.

A shekarar 2018, da rikici ya yi tsanani a wajen Bamenda, gidajen unguwarmu suka cika da baƙi. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Inno, daga Wum. Gidanta ya ƙone, ta fito da kayan jikinta da hoto guda ɗaure a haɓar zani, hoton mijinta Malam Hammadu, wanda ya rasu tun kafin rikicin. Ba shi da wani hoton a duniya. Ruwan sama ya dake shi a hanya, ya karye gida huɗu, fuskar duk ta cika da ƙarce. Ranar Asabar za ta wuce Gaundare wurin 'yarta, inda take da jikoki biyar da ba su taɓa ganin kakansu ba, kuma tana so ta isa da fuskarsa.

Mai masaukinta ya fara kai hoton wani babban shago mai gilashi. Suka dawo da wani kyakkyawan mutum sumul, fari tas, kamar ɗan wasan fim. Inno ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya cikin ladabi ko wannan mijin waye. Ashe Malam yana da zane uku a kuncin hagu, irin na gidansu. Yaran shagon sun ɗauka ƙarce ne, suka share duka.

Ranar Talata aka kawo wa Goggo ainihin hoton. Ta kwafe shi a filash ke nan aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, tsohuwar kwamfutarta ta yi wani ƙauri ta cika. Mai gyaran fanka ya leƙa cikinta ya yi mata ta'aziyya.

Laraba da hantsi na goya ta a benskin ɗina zuwa Akwa, wurin Yusufa mai sayar da kwamfutoci na hannu. Yusufa ɗan unguwarmu ne, tare muka sha bulala a makarantar allo, amma yanzu Faransanci yake yi ta hanci. Goggo ta ce wannan karon mai batir take so, irin ta ɗorawa a cinya, don ta gaji da wasan ɓuya da wuta. Ya jera mata uku: baƙa mai sheƙi, ja, da wata mai ruwan toka da ta fashe a kusurwa. Ya dafa baƙar yana zubo lambobi, ƙwaƙwalwarta kaza, gudunta kaza.

"Tanti, wannan jirgin sama ce. Kafin ki ƙifta ido ta gama."

Ni ma na ce a ɗauki jirgi mu tafi, rana na yi. Goggo ba ta kalli ɗayanmu ba. Ta ciro filash da carbi.

Haka take awon gudu. Ta buɗe hoton Malam, wanda ta kwafa da girma sosai, tana jan carbi. Baƙar ta buɗe a ƙwaya huɗu, jar a bakwai, mai ruwan toka sai da aka kai sha ɗaya. Yusufa ya kalle ni, na kalle shi, muka gyara tsayuwa. Sai ta ja layi da buroshin gyara a kowacce, tana duba ko layin na bin hannunta ko yana zuwa daga baya kamar bawan da aka aika. Duka ukun suka bi.

Daga nan ta ce a kashe na'urar sanyin shagon. Yusufa ya ce akwai kwastoma. Ta ce shagonta ba shi da irin wannan gatan, kuma ba za ta sayi abin da sanyi ke rufa wa asiri ba. Aka kashe. Ta ɗora wa kowacce aiki mai nauyi, ta zauna tana ɓare gyaɗa, mu muna narkewa. Bayan awa guda ta bi su tana taɓa ƙasansu da bayan hannu, yadda ake duba zazzaɓin yaro. Jar tana kuka kamar benskin ɗina a kan tudu da fasinja biyu. Ta rufe ta, ta tura gefe.

Saura biyu. Ta jera su kafaɗa da kafaɗa, ta jawo kuncin hagu na Malam har ya cika allo. Wajen yana cikin inuwar hula. A allon baƙar, kuncin duhu ne kawai, kamar gindin tukunya. Yusufa ya ƙara haske, sai fuskar ta koma toka, kamar an watsa mata gari. Goggo ta ɗan karkata allon, kalar ta sauya, ta mayar, ta sake sauyawa. A mai ruwan toka kuwa, duhun hawa-hawa ne, akwai baƙi, akwai mai ƙasa-ƙasa, akwai inda fata ke ɗan sheƙi, kuma layuka suna kwance a ciki, sun fi goma.

"Zo nan, sarkin surutu," ta ce da ni. "Wanne ne na takarda, wanne ne na wanzami?"

Na ce duk layi ne. Ta nuna da bakin farce. Ƙarcen takarda fari ne, bakinsa kaifi, kuma ba ruwansa da mutum, yana ratsa kunci ya hau hula ya fita bango. Zanen wanzami yana da 'yar inuwarsa, yana lanƙwasa yadda kunci ya lanƙwasa. Da ta faɗa sai na gan su, uku, a jere, sun yi shiru a cikin hayaniyar sauran. Na juya ga baƙar na nema, babu.

Yusufa ya yi ƙoƙari na ƙarshe, ya ce mai ruwan tokan tsohuwa ce, za ta riƙa sa ta jira. Goggo ta ce shekara ashirin da takwas ta yi tana jiran fenti ya bushe, ƙwayar carbi sha ɗaya ba za ta kashe ta ba. Ta ce a naɗe mata ita.

Alhamis da Juma'a ta yi su a kan kuncin nan da sauran fuskar. Kwamfutar kuwa ba a yi mata ƙarya ba, in tana ajiye aiki har shayi Goggo ke haɗawa. Ta bi ƙarcen ɗaya bayan ɗaya tana cirewa, in ta zo kusa da zanen sai ta rage bakin buroshi ta riƙe numfashi. Gefen da ruwa ya ci ta cike shi da kalar fatar da ta saura, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Asabar da safe aka wanko hoton. Inno ta zo da ƙunshin kayanta, don ni zan kai ta tasha. Ta karɓa da hannu biyu, ta fita bakin ƙofa inda ido zai gani. Ta sa yatsa a kuncin, ta bi na farko, ta bi na biyu, a na uku ta tsaya.

"Gajere ne, ba ki ja shi ba," ta ce da Goggo. "Uwarsa ta ce motsi ya yi a hannun wanzami."

Ta zauna a kan benci, ta ɗora hoton a cinya, ta ce da shi, "Malam, sannu da hanya." Tela ya tsayar da kekensa.

Ni dai abin ya cika ni. Na ce wallahi Goggo, daga Deido har Grand Hangar babu ido irin naki, kin dawo wa mata da mijinta, ya kamata a sa sunanki a jarida, a kira gidan talabijin, a zo a ga abin da hannunki ya yi. Tana goge allo da gefen mayafi, ba ta ko ɗago ba.

"Wanzami ne ya yi, ni bari kawai na yi. Ɗauki kayanta, mota ba ta jira."