Ranar da na ba ɗana tsaron wuta

Shekarun baya, muna zaune gidan haya a unguwar Talaje a Yamai, ɗana na fari ya kusa sa a kore mu. Tun yana ƙarami ba ya jin magana, amma da ya fara tasawa abin ya wuce ƙiriniya. Faɗa kullum, ƙarya ido cikin ido, jifar kajin maƙwabta har su karye. An sallame shi daga lekol, wato makarantar boko. Na yi duka, na karɓo rubutun sha, na yi nasiha har muryata ta dishe. Shi dai kallona kawai yake yi.

Wata rana ya ƙyasta ashana a rumfar zana ta mai gidanmu, wata tsohuwa Bazabarma da duk muke kira Inna. Allah ya tsare, rumfar kaɗai ta ƙone. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ni ta ce, "Ɗana, ina jin nauyinka. Amma bayan Sallar Layya, ko yaron ya tafi, ko ku tafi duka." Yayana da ke garin Tawa ya ce in turo masa shi, ya san inda ake ɗaure irinsu. Maganar ɗaurin nan ta hana ni cin abinci.

A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai. Ranar da na rubuta sunana a karkace kamar sawun kaza, malamarmu ta ce, "Madalla, Baba!" Na koma gida ina murmushi kamar an ba ni mota. Ita ce ta lura ina ramewa. Da na faɗa mata dalili, ta tura mu wurin wani likita mai duba halayyar yara.

Likitan ya daɗe da yaron, sannan ya ce mini, "Ba iskoki ba ne, Malam. Matsalar ɗabi'a ce da muka sani, kuma tana son lokaci. Ka ajiye bulala. Ka ba shi aiki na gaske kana kusa da shi, in ya yi daidai ka faɗa masa nan take. Yaushe rabonka da yaba masa?" Madallar malamarmu kawai na tuna.

Sallah ta zo. Kun san yadda muke yi a Yamai: a gicciye raguna a itace, a jera na maƙwabta duka kewaye da wuta guda a bakin titi, tun hantsi har yamma. Na kira shi a gaban mutane na ce, "Yau kai ne mai wuta."

Maƙwabcina direba ya zaro ido. "Malam, karatun nan ya taɓa maka kai ne? Bari in kira masu kashe gobara tun yanzu!"

Yaron ya ce, "Baba, da gaske?" Na miƙa masa ashana.

Ya wuni yana tura itace, yana jan garwashi. Can da rana ya zaro wani icce mai ci da wuta, ya tsaya yana kallon wasu yara da ke tsokanarsa. Na daure na ce, "Ragon Inna bai samu wuta ta hagu ba." Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya juya ya kai iccen can. Da aka sauke nama, na dafa kafaɗarsa na ce, "Madalla, ɗana." Ya kau da kai yana goge ido, wai hayaƙi ne.

Washegari, ranar rabon nama, shi na aika da kason Inna. Na laɓe ina ji.

"Kai ka gasa?"

"Ni ne, Inna."

"Kunna wuta kam mun shaida ka iya. Ka iya ɗaura zana?"

Tare suka ta da rumfar, tana nuna masa da sanda, tana masa faɗa da Zabarmanci. Ba ta sake ta da zancen tashi ba.

Ba zan ce ya warke ranar ba. Ya sake yin faɗa, mun yi ta komawa wurin likita, akwai lokutan da na kusa fid da rai. Amma ɗana bai ga sarƙa ba, a gabana ya girma. Yanzu walda yake yi a Yantala, kuma duk Sallah shi unguwa ke jira ya haɗa wuta.

Har yau in na ce masa madalla, sai ya kau da kai. Wai hayaƙi, ko babu wuta kusa.