Kwalaben da Na Ajiye a Ƙarƙashin Gadon Mahaifiyata

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki karon farko, ina da shekara talatin da 'yan kai, kuma sana'ata fata da kirgi. Ban gaji sisi ba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gidan ƙasa a Mandawari da sunan kirki, shi ke nan. Da dakon fata zuwa wurin majema na fara, na zama dillali, har na kai ga sito nawa na kaina da gida a bayan badala. In na shafa fatar akuya na sunsuna, zan faɗa maka yankin da aka yi kiwonta. Mutane suna cewa ba a cutata a ciniki, ni ma na yarda da hakan, har na ɗauka babu abin da lissafina ba zai iya ba.

Cikin masu sayen fata a hannuna akwai wani Bature Bafaranshe, dattijo mai son hira. A gidansa na fara shan giya, kuma ba zan ɗora masa laifi ba, don bai ɗura mini ba. Shi dai ya ce hancin da ya san fata ba zai kasa sanin giyar inabi ba, ni kuma na ji daɗin yabon. Da zai koma ƙasarsu ya ba ni akwatin katako mai kwalba goma sha biyu na jar giya, ta wani baƙin inabi da suke kira Sira, wanda ake nomawa a gangaren duwatsun garinsu. Ya ce har yanzu jaririya ce, kada in yi mata gaggawa. A kwantar da kwalaben a gicciye, a wuri mai duhu da sanyi, in riƙa buɗe ɗaya duk bayan shekara biyu ina ganin yadda take girma. Ya gargaɗe ni cewa zafin Kano zai iya kashe ta a bazara ɗaya.

Gidana na siminti ne da rufin kwano, da rana kamar tanda, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Na duba duk inda na sani, babu wuri mai sanyi kamar ɗakin mahaifiyata a cikin gari: ginin ƙasa na kakanni, bango mai kaurin kamu biyu, rufin azara, taga ɗaya 'yar ƙarama. Na san giya ba ta shiga cikin birni, kowane yaro ya san wannan. Amma na dubi abin da idon ɗan kasuwa, ga kaya ga ma'aji, ban duba komai bayan haka ba. Na naɗe akwatin a buhu na kai da rana tsaka. Na ce wa Inna maganin Turawa ne na ƙarin jini da raunin tsufa, mai tsadar gaske, ba ya son zafi, kuma ban yarda da kowa ya riƙe mini shi ba sai ita. Rubutun jikin kwalaben Faransanci ne, babu mai karanta shi a gidan. Ni ne ɗan farinta, tana kunyata irin ta iyayen da, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsare ni da tambaya. Da wannan kunyar tata na yi amfani.

Inna ta riƙe amanar fiye da yadda na roƙa. Ta sa aka kawo yashi aka zuba a ƙarƙashin gadonta, ta binne kwalaben a ciki, kullum tana yayyafa ruwa kamar yadda ake yi wa gindin randa. In bazara ta tsananta takan yi sau biyu. Duk ranar da na je gaishe ta, kafin in zauna za ta ce mini ajiyata tana nan lafiya. Akwai shekarar da ƙanwata, wadda ke aure a Ƙofar Dawanau, ta matsa a sauke rufin ɗakin a sa kwano saboda yoyo. Inna ta ƙi, ta ce maganin yayanta ba zai jure ba, gara a ci gaba da yaɓe. Ina zaune aka yi wannan magana, na sunkuyar da kai ina wasa da makullin mota. Buzun sallarta kuwa bai fi taku ɗaya daga gadon ba.

Kwalbar farko da na ɗauka na buɗe ta ni kaɗai a ofishin sitona. Baƙa ce wuluk, kamar zoɓon da aka cika wa ganye, ga bauri mai ɗaure baki kamar na tauna bagaruwa, ga yajin masoro a maƙogwaro. Na ce Baturen nan ya yi mini wasa. Wadda na buɗe wajen shekara ta takwas ta sa na janye maganata: baurin ya kwanta, ɗanɗanon nunanniyar ɗinya ya fito, da ɗan ƙaurin hayaƙi a bayansa. Da ta haura shekara goma sha huɗu sai ta koma wani abu dabam. Launinta ya sassauta, gefen kofi ya yi ja-ja kamar jar ƙasa, wani baƙin gari ya kwanta a cikin kwalbar. Ƙamshinta ya zama na jemammiyar fata, da kilishi, da ƙasar da ruwan farko ya taɓa, kuma in ka haɗiye yakan daɗe bai bar bakinka ba. Ban rubuta wannan don in kwaɗaita wa kowa ba. Na rubuta ne don a ga inda hankalina yake. Na san kowane mataki na tsufan wannan giya, amma ban san shekarar da Inna ta daina iya miƙewa ba tare da dafa bango ba. A tsakanin nan har Makka na je, na dawo na bar shaye-shayen kulob, amma wannan kwalba ɗaya ta shekara biyu na ce wa raina ba sha ba ne, sani ne.

Shekara ashirin aka yi a haka, saura kwalba uku. Soja suka sake miƙa mulki, ni kuma na tafi Legas na yi makonni ina bin takardun fitar da fata wajen sababbin mutane. A bayana Inna ta kwanta: jiri, kasala, ba ta iya cin abinci. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Sai ta tuna da maganin ƙarin jini da take kwana a kansa. Tana da aminiya a lungunmu, wata Hajiya daga zuriyar Larabawan fatake, sun fi shekara arba'in suna musayar kwanon abinci. Su biyun suka tono kwalba ɗaya, suka rasa yadda ake cire matoshin, suka danna shi ciki da ƙusa. Cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma, da bisimilla.

Ranar da na dawo, tun daga bakin ƙofar ɗakin hancina ya gaya mini abin da ya faru. Inna tana zaune a bakin gado, fuskarta a sake. Ita ce ma ta fara ba ni haƙuri, wai ta taɓa amana ba da izini ba, amma ta san da ina nan ni zan ba ta da hannuna. Ta ce maganin nan da ban mamaki yake, ranar farko ta ji shi kamar ɗinyar da ta bushe a ɗakin girki, yana sauka yana ɗumama ƙirji, bayan 'yan kwanaki kuma ya yi tsami, amma dama ba don daɗi ake shan magani ba. Ta yi dariya ta ce Turawan nan har maganinsu warin sitona yake yi, shi ya sa muka shaƙu. A wannan lokacin ya kamata in durƙusa in faɗi gaskiya. Sai na yi lissafi. Na ce mata wa'adinsa ya wuce, kada ta ƙara sha, na tono biyun da suka rage na fita da su, na aiko mata da maganin jini na gaske. Da na tambayi buɗaɗɗiyar kwalbar ta ce ta ba Hajiya ragowar, ita ma tana fama da jiri. Na ce zan karɓo gobe. Goben ta zo da wani ciniki, na ce jibi.

Ɗan Hajiya yana da kantin magani. Da ragowar ta ƙare ta ba shi kwalbar ya nemo mata irinta. Ya duba, ya sunsuna, ya ce mata giya ce, ya tambaye ta wanda ya ba ta wannan. Kafin la'asar Hajiya ta shigo gidanmu tana salati tana kuka, kafin kwana biyu lungu ya ɗauka. Lokacin kuwa babu maganar da ake yi a gari kamar ta shari'a da hana giya.

Inna ta aika a kira ni. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, ƙanwata a gefenta, an fito da gado da kwanuka duka an jibge a rana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne. Ta tambaya ko ni ma ruɗata aka yi, ko tun ranar farko na sani. Ta ba ni ƙofa ke nan, na gane, kuma na ga yadda take so in bi ta. Na ce tun ranar farko na sani. Ta lanƙwasa yatsu tana ƙirgawa, sannan ta ce azumi ashirin ke nan ta yi a ɗakin nan. Ta ce da ragowar ruwan alwalarta take yayyafa wa yashin, don albarka ta shiga maganin. Ƙanwata ta fashe da kuka ta ce mini da na san haka zan yi da na bar su da talaucinsu. Inna ta ce mata ta yi shiru, yayanta ne.

Washegari na ɗauko wani malami da take girmamawa, ya yi mata bayani cewa babu zunubi a kan wanda aka yaudara, sallolinta suna nan, bakinta tsarkakakke ne. Ta saurare shi har ya gama, ta yi godiya, ta ce Malam ya yi haƙuri, wannan ta san shi tun kafin a haife shi, ita ba ta da rigima da Ubangijinta. Bayan ya tafi ta ce mini abin da ke cinta biyu ne. Na ɗaya, da hannunta ta ɗura wa aminiyarta. Na biyu, shekara ashirin tana faɗa wa matan unguwa cewa ɗanta yana da sito da akwatin ƙarfe da masu gadi, amma abin da ya fi tsada a wurinsa ita ya ba wa. Ta ce ashe ba ita na zaɓa ba, ɗakin na zaɓa. Haka ne kuwa. Hajiya ta yafe mata, amma kwanon abinci bai ƙara tsallaka lungun ba.

Ba ta sake kwana a Mandawari ba. Ta koma wurin ƙanwata a Ƙofar Dawanau, ɗakin siminti mai zafi, ta yi shekara ɗaya da rabi a can. Kullum ina zuwa. Tana amsa gaisuwata, tana tambayar iyalina, kuma ta faɗa a gaban shaidu cewa ta yafe mini duniya da lahira, ba ta so a tsare ni gobe saboda ita. Amma duk abin da na kawo, ko zuma ce ko lemo, sai an ajiye shi gefe har mijin ƙanwata ya dawo ya duba. Ba ta taɓa cewa komai a kan haka ba, ni ma ban taɓa ba. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi, ta nemi ruwa. Ni ne kusa. Na ɗebo daga randa a gabanta, na tallafo kanta, na kai kofin bakinta. Ta dube ni, ba da fushi ba, sannan ta rufe leɓɓanta ta juya ido wajen ƙanwata. Ƙanwata ta karɓi kofin daga hannuna, kofin nan dai, ruwan nan dai, Inna ta sha. Bayan kwana biyu ta cika.

Tun ranar da na fita da kwalabe biyun nan na fasa su a bayan sito, giya ba ta ƙara taɓa bakina ba, amma ba na lissafa wannan a matsayin wani abin kirki, don ya zo a makare. Giyar zunubina ce tsakanina da Allah, ina kuma fatan gafararsa. Abin da na yi wa Inna shi ne na kasa ajiyewa. Na ɗauki yardar da ba ta tambaya na mai da ita ma'aji, don kawai ta fi kowane ma'aji arha. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman mu da muka fita muka ga duniya muka bar iyaye a cikin gari ba su karanta boko: kada ka ajiye a ɗakin tsohuwarka abin da ba za ka iya faɗa mata sunansa ba, kada ka sa ta dangwala hannu a takardar da ba ka karanta mata ba. Ranar da ka ga gaskiya za ta fito, riga kowa faɗa, ko da za ta tsine maka. Uwa tana yafewa, wannan ba shi da wuya a wurinta. Ni na sami yafiyar tawa da bakinta, a gaban mutane. Ruwa ne dai ba ta sha a hannuna ba. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a.